Tsokar da Mas'uda Ba Ta San da Ita Ba

Tun tana yarinya a gidansu da ke Kurfi aka san Mas'uda da ƙarfi. Mahaifinta, Alhaji Sodangi, hatsi yake saye yana sayarwa. Idan mota ta sauke kaya a ƙofar gida ba a sami 'yan dako ba, ita da yayyenta maza ke kinkimar buhunan gero zuwa sito. Mahaifiyarta, Hajiya Yahanasu, takan yi faɗa ta ce ɗiya mace ba ta wannan aiki, amma duk ranar da buhu ya tare mata hanyar madafa, Mas'udar take ƙwala wa kira.

Da ta gama karatu ta sami aikin koyar da motsa jiki a wata makarantar 'yan mata a Dutsin-Ma, ta auri Mamuda, wani malamin gona mai sanyin hali. A garin ne ta haɗu da ɗaga ƙarfe. Wani tsohon soja yana da ɗakin motsa jiki a bayan gidansa, ya ware wa mata safiya, daga bayan asuba har hantsi, ya damƙa makullin a hannun ɗiyarsa Zaituna. Matan ba su da yawa: ɗaliban jami'a, wata ma'aikaciyar banki, sai matan aure masu son rage teɓa. Yawancinsu keke suke tuƙawa ko su yi tsallen igiya. Mas'uda da Zaituna kaɗai ke zuwa wajen sandar ƙarfen nan da ake jera wa faifai a gefe da gefe. Mamuda bai hana ba. Shi yake dama wa ɗansu Yazid kunu kafin ta dawo, har ya iya shi fiye da ita.

Bayan haihuwarta ta biyu ta yi watanni ba ta leƙa ɗakin ba. Da ta koma, ƙarfin ya riƙa dawowa a hankali, har ta kusa nauyin da take ɗagawa a da. Wata safiya cikin bazara ta ɗaure bel ɗinta tamau, ta sunkuya, ta cika ƙirji da iska, ta finciko sandar daga ƙasa. Sandar na kaiwa gwiwa ta ji ɗumi a wandonta. Ba wani mai yawa ba ne, amma ta san ko mene ne. Ta sauke ƙarfen, ta zura hijabinta, ta ce wa Zaituna ta manta ba ta ba jaririn magani ba.

Ta ce a ranta tsautsayi ne. Bayan kwana biyu ya sake faruwa, sannan ya zama duk ranar da ta ƙara nauyi. Sai ta fara dabara. Ta koma sa baƙin wando a ƙarƙashin doguwar riga, ta riƙa sa audugar mata, ta daina shan ruwa tun daga la'asar ɗin jiya har sai ta gama atisayen safe. Ba ta faɗa wa kowa ba. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne kalmar da take ji a rediyo, yoyon fitsari, da matan da ake cewa an kai asibiti saboda shi. Ta kasa gane yadda mace mai ɗaga abin da ya fi buhun masara nauyi za ta kasa riƙe kanta.

Dabarar ba ta daɗe ba. Wata safiya ta sauke sandar ta miƙe, sai ta ga ɗakin yana juyawa, ta zame ta zauna a ƙasa. Zaituna ta fasa ruwan leda ta miƙa mata.

"Bari sai na gama," in ji Mas'uda.

Zaituna ta dube ta, ta dubi leɓɓanta da suka bushe. Ta jira sai da sauran matan suka watse. Ta tura ƙofa, ta dawo ta zauna kusa da ita a kan benci.

"Anti Mas'uda, azumi kike yi?"

"A'a."

"To me ya raba ki da ruwa? Na lura tun ba yau ba. Ke da kike shanye leda uku kafin mu tashi."

Mas'uda ta murza bakin hijabinta. Can ta faɗa, a gajarce, ba tare da ta ɗago kai ba. Ta zaci Zaituna za ta yi salati. Sai ta ji ta yi wata 'yar dariya ta sauke ajiyar zuciya.

"Kin taɓa ganina ina tsallen igiya?"

"Kin ce gwiwarki ke ciwo."

"Gwiwata lafiyarta lau. Ni da ko aure ban yi ba, balle haihuwa, in na yi tsalle sai ya ɗigo. Na ɗauka ni kaɗai ce a duniya."

Suka kalli juna, sai dariya ta kama su duka biyun. Mas'uda ta karɓi ruwan ta shanye, ta nemi ƙari.

Zaituna ce ta ce ta ji akwai wata ma'aikaciya a sashen gashin ƙashi na asibiti da ke duba mata a kan irin wannan, amma kunya ta hana ta zuwa ita kaɗai. Mas'uda ta ce ai ita ƙashinta bai karye ba. Zaituna ta ce su dai je su ji.

Da rana, suna cin abinci, Mas'uda ta faɗa wa Mamuda. Ya ajiye cokali ya dube ta da kyau.

"Shi ne kika hana kanki ruwa? A Dutsin-Ma, cikin wannan zafin? Haba Maman Yazid. Gobe ni zan kai ki."

Shi ya kai ta a mashin ɗinsa, ya zauna a inuwar darbejiya a waje da jaririn a kafaɗa. Zaituna ta same su a can.

Ma'aikaciyar, Sista Halimatu Sa'adiya, gajeruwa ce mai tabarau, mai magana a nutse kamar ba ta da sauran marasa lafiya a layi. Ta sa an gwada fitsarin Mas'uda, ba a ga ciwo ba. Ta yi mata tambayoyi: yaushe yake zuwa, da tari ko atishawa ma yana zuwa, yaya haihuwar ta kasance. Sannan ta nemi izininta ta duba ta a bayan labule.

"Ba yoyon fitsarin da kike tsoro ba ne," ta ce bayan ta wanke hannu. "Wancan ɓulewa ce, yana zuba dare da rana ba tsayawa. Naki tsoka ce ta yi rauni, kuma tsoka tana jin horo. Ke kin fi ni sani."

"Wace tsoka kuma, Sista? Ni da nake koyar da tsokoki a aji."

"Wadda ba a gani a madubi. Me kika ce mahaifinki yake sayarwa?"

"Hatsi."

"To ki ɗauki cikinki kamar buhu. Kin ɗaure bakinsa da kika riƙe numfashi. Kin zo kin matse tsakiyarsa da bel. Sannan kin ɗora masa nauyi. Ina hatsin zai danna?"

"Gindin buhun."

"To a gindin nan akwai tsokoki shimfiɗe kamar tabarma, daga ƙashin gaba zuwa na baya. Su ke tallafe da mafitsara da mahaifa, su ke rufe hanya. Kin horar da cinya da baya da kafaɗa, su kuma kin bar su suna ɗaukar kaya ba horo, ga ciki biyu da suka ɗauka."

Ta sa ta kwanta rigingine ta tanƙwashe gwiwoyi. Ta ce ta yi kamar tana cikin taro iska ta matso ta tana so ta riƙe, ta haɗa da riƙe fitsari, sannan ta ja wajen zuwa sama, can ciki. Mas'uda ta yunƙura da duk ƙarfinta.

"Saki cinyarki," in ji Sista. "Saki mazaunanki. Haƙoran ma saki, ba da su ake yi ba. Kuma yi numfashi, kada ki sume mini."

Da ta saki duk waɗannan sai ta ji kamar ba abin da ya rage. Ta sake gwadawa, ta sake. A karo na huɗu ko na biyar ta ji wani ɗan motsi, siriri, kamar an ja zaren bakin jaka. Kafin ta ja numfashi uku ya kuɓuce.

"Shi ke nan?" ta ce cikin takaici. "Wannan ɗan abin?"

"Shi ne. Ki riƙe, ki saki gaba ɗaya, don sakin ma rabin aikin ne. Ki huta, ki sake. Safe, rana da yamma. In ya yi ƙarfi a kwance ki koma zaune, sannan a tsaye. Kada ki riƙa gwadawa a banɗaki kina tsayar da fitsari, wannan wata matsalar yake jawowa. Ki sha ruwanki kamar kowa. Ƙarfen kuma ba na ce ki bari ba, amma ki rage nauyi zuwa inda ba ya ɗigowa, ki sassauta bel ɗin. Kafin ki ɗaga ki fara jan tsokar, kina miƙewa kina fitar da iska a hankali. Ki ba shi kamar wata uku kafin ki yanke masa hukunci."

Rage nauyin ne ya fi yi mata ciwo. Ta cire manyan faifan ta mayar da ƙanana, irin waɗanda ta wuce tun shekarar farko. Wata ɗalibar jami'a da ba ta daɗe da fara zuwa ba ta tambaye ta ko ba ta da lafiya. Ta ce lafiya lau, gyara take yi. Ita da Zaituna suka sa wa abin suna aikin gida. Da sun haɗu sai ɗaya ta ce, "Kin yi aikin gidanki?" Sauran matan suka ɗauka wani karatu suka shiga.

Daɗin abin shi ne ba wanda ke gani. Takan yi shi tana jiran shinkafa ta tsotse, ko tana zaune a ofishin malamai tana duba takardun jarrabawa, ko a bayan Keke Napep. Wasu ranakun takan manta, wasu kuma ta ji kamar ba ya ƙara komai. Amma da damina ta yi nisa ta lura ta yi atishawa mai ƙarfi a filin makaranta ba abin da ya biyo baya. Ta tsaya a tsakiyar fili tana murmushi ita kaɗai, ɗalibai suna kallonta.

Da kaka ta yi aka ba da hutu, ta ɗauki yaran suka hau bas zuwa Kurfi. Gidan ya cika da sabon hatsi, ƙofar sito ba ta rufuwa. Washegari da hantsi suna zaune a tsakar gida ita da Hajiya suna ɓarar gyaɗa. Hajiya tana ba ta labarin bikin da aka yi a maƙwabta, sai ta ga ɗiyar ta yi tsit, idonta a waje ɗaya, hannunta ya tsaya a cikin tire. Can ta ci gaba da ɓara. Jim kaɗan ta sake yin tsit.

"Ke, mi ke damunki? Halan wani abu anka yi miki a can?"

"Ba komai, Hajiya."

"Ba komai kina ƙamewa kamar an dasa ki? Tun jiya nike kallonki."

Mas'uda ta ji kunya ta rufe ta. Irin wannan magana ba ta taɓa shiga tsakaninta da mahaifiyarta ba. Amma ta tuna yadda ta zauna a ƙasa jiri na ɗibarta saboda ɓoyo, sai ta sunkuyar da kai ta faɗa, daga farko har zuwa wajen Sista. Ta jira a ce mata ai ga abin da ɗaga ƙarfe ke jawowa.

Hajiya ba ta ce haka ba. Ta ɓare gyaɗa biyu ko uku, sannan ta kira Yazid, babban ɗan Mas'uda, ta cika masa hannu ta ce ya tafi zaure wajen kakansa. Sai da ya fita ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Kuma yana tsayawa?"

"Nawa ya ragu sosai."

"Ko ga wanda ya daɗe?"

Mas'uda ta ɗago kai. Hajiya tana kallon tiren.

"Tun haihuwar autana," ta ce. "In na yi tari, in na yi dariya. Kin ga ko'ina za ni da zani biyu a jaka, kuna cewa tsabta ta yi mini yawa. A Islamiyya bakin ƙofa nike zama. Shekarar da munka tahi Makka, Allah kaɗai ya san sau nawa na sake alwala. Na ɗauka haka haihuwa take bar ma kowace mace, sai haƙuri."

"Shekara ashirin, Hajiya? Ba ki faɗa wa kowa ba?"

"In faɗa ma wa? Taso mu shiga ɗaki."

Hajiya ta sa sakata da kanta. Ta kwanta a kan darduma tana gyara ɗankwali, tana cewa Allah shi sa kada wani ya yi sallama. Mas'uda ta durƙusa a gefenta ta rasa ta inda za ta fara, don kalmomin da Sista ta faɗa mata ba sa fitowa a gaban uwa. Daga ƙarshe ta rufe ido ta ce, "Ki yi kamar kina cikin sahu a masallacin Idi, cikinki ya murɗa."

Hajiya ta tuntsire da dariya har tana riƙe ciki, ta ce, "Ja'ira, kin ga abin da kinka jawo," ta tashi ta canza zani ta dawo. Wannan karon ta nutsu. Ta matse fuska, ta ɗaga kafaɗu, ta dunƙule hannu.

"Saki fuskar, Hajiya. Yi numfashi."

"To da mi zan riƙe?"

"Shi ɗin muke nema."

Suna cikin haka Alhaji Sodangi ya shigo tsakar gida neman mazubi, ya ga gyaɗa a yashe kaji na ci, ƙofa a rufe. Ya ƙwanƙwasa ya tambaya ko lafiya.

"Lafiya lau, Alhaji," Hajiya ta amsa daga kwance. "Maganar mata ce. Kore mana kajin nan."

Suka ji shi yana korar kaji yana gunaguni. Can Hajiya ta yi tsit, idonta ya buɗe.

"Na ji wani abu. Kamar ƙiftawar ido."

"Shi ne."

"Ikon Allah. Yana nan ashe duk shekarun nan."

Mas'uda ta ce mata wannan somin-taɓi ne, dole ta zo Dutsin-Ma Sista ta duba ta, don na kowa da irin nasa, wani ma ba wannan ne maganinsa ba. Hajiya ta ce sai an gama shigar da hatsi. Ba ta saɓa ba. Bayan sati uku ta sauka a tasha da kwanon fura da jakarta, ta ce wa Alhaji jikoki za ta gani. Mas'uda ta raka ta har ƙofar ofishin Sista, ta jira a waje. Da Hajiya ta fito ta ce an ce nata zai ɗauki lokaci, kuma ba lallai ya ɗauke duka ba, amma zai ragu. Ta faɗi haka fuskarta a sake, ta ce su biya kasuwa tana son ganin atamfofi.

Mas'uda ta ci gaba da mayar da faifan ɗaya bayan ɗaya. Sabon numfashin ya ba ta wuya da farko, daga baya ya zama jiki. Zaituna ta koma tsallen igiya. Wata safiya ma'aikaciyar bankin ta tsayar da su a bakin ƙofa ta ce don Allah wane irin aikin gida ne wannan da ba ya ƙarewa. Zaituna ta dubi Mas'uda, Mas'uda ta ce a tura ƙofa. A ranar mata huɗu ne suka zauna a kan benci, biyu daga ciki suka nemi a kwatanta musu ofishin Sista.

Wajen ƙarshen shekara tsohon sojan ya shirya 'yar gasa ta mata zalla a ɗakin, ya gayyato wasu daga Katsina. Mata ne alƙalai, mata ne 'yan kallo. Mas'uda ta shiga banɗaki kafin a fara, ta sha ruwanta, ta sa auduga don ko-ta-kwana. Ɗagawar farko da ta biyu suka tafi lafiya. A ta ƙarshe ta sa a jera mata nauyin da ba ta taɓa gwadawa ba, ko kafin haihuwa. Ta sunkuya, ta ja tsokar, ta finciko. Sandar ta tsaya a gwiwa kamar ba za ta wuce ba, Zaituna tana ihu, sannan ta wuce. Ta miƙe tsaf. A daidai nan ta ji ɗan ɗigo, ɗaya ko biyu. Ta riƙe har alƙaliya ta sauke hannu, ta ajiye ƙarfen.

Wata 'yar Katsina ce ta zo ta ɗaya, Mas'uda ta biyu. Aka ba ta kofin roba mai ruwan zinariya da atamfa. Zaituna ta rungume ta ta raɗa mata, "Yaya?"

"Kaɗan, a ta ƙarshe. Zan faɗa wa Sista."

Ta je ta yi tsarki ta canza kaya, ta fito. Mamuda yana jira a bakin titi da yaran, an hana shi shiga. Ya karɓi kofin ya jujjuya shi, ya ce ai wannan ya yi daidai da zuba sukari. A hanya ya tsaya wajen masu kifin dam ɗin Zobe ya zaɓi manya guda biyu. Ita ta soya, shi ya yanka albasa yana hawaye, suka baje tabarma a inuwar tsakar gida. Yazid ya ce shi kan kifin yake so, aka ba shi. Suka ci har aka kira la'asar.